Hannun Hagu a Lambun Baba Mai Yumɓu

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da ƙanwata, gidan kuma kowa fuska a murtuke. Tun da hawan jini ya kayar da ni bara, ya bar mini hannun hagu a sanyaye da ƙafar da nake ja, 'ya'yana suka mayar da ni ƙwai. Ba a bari in ɗauki ko buta. Ni da nake yanka ƙwarya ina mata zane, nake saƙa faifai, nake mayar da tsofaffin gwangwanaye tukwanen fure, sai ga shi an tattare kayan aikina an sa a saman sif, wai in huta. Da na ce zan je wajen Fagam in ga lambun wani dattijo da aka ba ni labari, babban ɗana ya ce, "Inna, don Allah ki bari sai kin ƙara ƙarfi." Na ce masa ƙarfin ba a kwance yake zuwa ba, na ɗauki sandata.

A tasha direba ya ba ni gidan gaba ni kaɗai don ganin halin da nake ciki, sai dai kuɗin mutum biyu ya karɓa, tausayin nasa bai kai aljihu ba. Hanyar Gwaram tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuwa ramukan sun isa a yi wa akuya wanka. Lokacin kaka ne, ko'ina riɗi ne an yanke an jingina shi tsaye yana shan rana, ga dawa ta sunkuyar da kai, ga duwatsu jibga-jibga kamar an ajiye su da hannu. A Gwaram muka karya da waina da miyar taushe. Mai wainar ta ga ina fama da kwano ta miƙo hannu za ta riƙe mini, na yi mata godiya na ce zan iya. Miya ta ɗan zube a zanina, amma na cinye.

Daga nan sai babur mai ƙafa uku, kan turbar da ta girgiza mana hanji har ƙauyen. Da muka tambayi lambun, wani mutum a gindin bishiya ya yi dariya ya ce, "Au, wajen Baba mai wasan yara za ku?"

Lambun yana jikin wani tudu ne, an kewaye shi da shingen lalle. Mai shi tsoho ne siriri, maginin tukwane a da, wanda robobi suka kashe wa kasuwa. Maimakon ya sayar da gonar ko ya cika ta da riɗi kamar yadda 'ya'yansa suke so, sai ya dasa itatuwa ya dinga gina abubuwa a tsakaninsu. Ga tulu wanda ya fi ni tsawo, ɗoɗɗoya ta tsiro daga bakinsa tana ƙamshi. Ga turmi da taɓarya na yumɓu a gindin tsamiya. Ga saiwar marke da ya kankare ta koma kamar mata uku suna daka. Ya jera fasassun kasake ya yi wata hanya mai lanƙwasa kamar rafi, zogale da tazargade a gefenta. Babu abin da ya yi wa fuska. Ya ce malamin garin ya taɓa zuwa ya zagaya, bai ga abin faɗa ba, sai ma ya roƙi irin tazargade.

Mafi kyawun aikin yana can saman tudun. Ƙanwata ta ce in zauna a inuwa ta ɗauko mini hoto a waya. Na ce ban taso daga Birnin Kudu don in kalli waya ba. Na hau, ina ja ina tsayawa, zufa har cikin ido, tsohon yana gaba bai ko waiwayo ba, kuma hakan ya fi mini daɗi fiye da duk sannun da na sha a shekarar nan. A sama na tarar da rumbuna ƙanana guda da yawa, kowanne da ƙofa, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki suna shige da fice.

Da muka sauko ya tura mini curin yumɓu ya ce, "Hajiya, an ce ke ma mai aikin hannu ce. Bismillah."

Na nuna masa hannun. Ya ce, "Na gani. Ai ba shi zai yi ginin ba, tokara kawai zai yi."

Na ɗora hagun a jikin yumɓun, dama tana murzawa, ina son in gina kasko. Sau biyu abin yana rushewa. Ƙanwata ta durƙusa za ta kama mini, na daka mata tsawar da ni kaina sai da na ji kunya. A karo na uku, ina ji ina gani, yatsun nan da na fidda rai da su suka ɗan lanƙwashe suka riƙe bakin kaskon. Kasko ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Na zauna ina kallonsa, hawaye na zuba, ban share ba don hannayen duk laka ne. Tsohon ya ɗauka ya ajiye a layin waɗanda zai gasa, bai gyara masa komai ba.

Mun iso gida bayan la'asar, ƙafata ta kumbura, bayana kamar an yi mini duka. Abin da na koyo shi ne, masu ƙaunarka ma suna iya binne ka da ranka, da sannu da "bari in yi miki", kuma ba za su daina ba sai ka ƙi. Jikin nan nawa ne, ni zan san inda ya tsaya. Surukata ta tarye ni da ruwan zafi da man shafawa, ta ce in kwanta. Na ce zan kwanta, amma a faɗa wa mai kura gobe ya biya bakin rafi ya ciko mini buhu da yumɓu, kuma duk wanda ya ga ina fama kada ya taya ni sai na kira shi.