Layin Da Autana Bai Ƙarasa Ba

Ni mutum ne mai zafin zuciya, ba sai wani ya gaya mini ba. Shekara ashirin da shida na yi cikin kaki kafin in ajiye in koma gidanmu a Dabai, kuma a duk shekarun nan abu guda aka cusa mini: in an ce yi, a yi, in an ce tsaya, a tsaya. Da wannan na tarbiyyantar da 'ya'yana huɗu na farko, suka miƙe ɗoɗar. Sai Allah ya ba ni na biyar, auta, wanda tun yana rarrafe ba a taɓa ajiye shi wuri aka dawo aka same shi a nan ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu abin ya kai ni bango. Ka aike shi Zuru, shagon Ibon da muke sayayya a wurinsa, ka ce gishiri da ashana da batirin tocila. Zai dawo bayan awa uku da batiri kaɗai, da dogon labarin yadda ya ga ana kwance injin niƙa a bakin kasuwa. Takalmin makaranta ya ɓata, biro ya ɓata, littafin lissafi yana can ƙarƙashin mangwaro ruwa ya jiƙe shi. Manya na magana zai tsoma baki kafin a kai ƙarshe. A coci kuwa ƙafarsa ba ta daina rawa, har bencin gaba ɗaya ya riƙa girgiza, mata suna waiwayowa suna kallona. Kowane zango malamai magana ɗaya suke rubutawa a takardar sakamakonsa, wai yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya natsuwa.

To ni me na sani? Abin da na iya shi na yi masa. Tsallen kwaɗo daga bakin rumbu zuwa ƙofar gida. Ɗaga taɓarya sama da hannu biyu har kafaɗunsa su yi ta kakkarwa. Bel ɗina na soja, wanda na rataye a ƙusa don shi kaɗai. In na gama sai in ce, "Kai yaro, gobe za ka sake?" Ya ce, "A'a, Baba," hawaye na bin fuskarsa. Wallahi da gaske yake faɗa, ana gani a idonsa. Kashegari kuma ya sake. Wannan shi ya fi tunzura ni, don na ɗauka raini ne tsagwaronsa.

Uwarsa takan ce, "Maigida, a bi shi a hankali mana, yaron nan ba mugu ba ne." In daka mata tsawa in ce ita ta lalata shi. Ta kai shi addu'a sau ba adadi, wata tsohuwa a unguwa ma ta ce iska ce. Ni ban yarda da iska ba, bel na yarda da shi.

Abin da ya raba ni da shi ya faru ne a gona, da damina. A wajenmu akwai golmo, wato saurayi ya tara 'yan'uwansa da abokansa su yi wa uban yarinyar da zai aura noma. A zamanin iyayenmu shekaru ake yi ana wannan. Yanzu gidaje da yawa sun bari, amma surukin ɗan yayana tsoho ne mai riƙon al'ada, ya ce sai an zo masa ko na kwana biyu ne. Na ce auta zai je. A raina na ce in ya tsaya cikin maza, ya ga ido a kansa, zai shiga hankalinsa.

A irin wannan aiki kowa layinsa yake kamawa. Ka sa garma a farkon gona, ba ka ɗagowa sai ka kai ƙarshe, kuma da layinka ake auna ka, da kai da gidan da ka fito. Auta ya fara kamar wuta, har ya wuce samari biyu da suka girme shi. Na ji daɗi, na ce yauwa, ga shi nan. Na juya ina gaisawa da dattawa a inuwa. Da na waiwayo sai ga garmarsa a kafe tsakiyar layi, babu shi.

Da rana ta take, tsohon ya taso da sandarsa yana bin layuka ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna biye. Ya iso wurin garmar ya tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Wannan na wane gida ne?" Samari suka sunkuyar da kai. Ɗan yayana, wanda aurensa ake nema, ya dube ni kamar zai nutse cikin ƙasa.

Muka same shi can gefen dutse. Ashe ya hango ruwan da ke gangarowa daga tudu ya fara cin bakin gonar, sai ya tafi yana jera duwatsu don ya tare shi. Ya yi wajen awa biyu a nan, hannunsa duk ya kurje, bai ma ji an kira cin tuwo ba. Da ya gan mu sai ya miƙe da murna, ya ce, "Baba, zo ka gani!" Ban duba ba. Na kwashe shi da mari har ya faɗi kan duwatsun nasa, na juya wurin dattawa na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ku yi haƙuri, wannan ba jinina ba ne. Gidanmu ba a haifi rago ba." Bai yi kuka ba ranar. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya koma ya ƙarasa layin shi kaɗai, kowa na kallo.

Bayan kwana uku ƙanwata ta zo gaishe mu. Nas ce, tana aiki a cikin Zuru, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta tsoron bakina. Ta ga kumburin fuskarsa, ta ɗaga rigarsa ta ga bayansa. Ta fito ta tsaya a gabana ta ce, "Yaya, barikin ya ƙare, nan gida ne. Zan tafi da shi." Na ce ta ɗauka, in ta iya ta gyara. Da bakina na faɗa. Uwarsa ta haɗa masa kaya a leda tana share ido, ni kuwa ina zaune ina gyaran rediyo kamar ba ɗana ke fita ba.

Wata biyu bayan haka ƙanwar tawa ta dawo ta ce sai na bi su Sakkwato. Ta ce ta zuba masa ido a gidanta, inda babu duka babu tsawa, kuma abin bai canza ba, don haka ta nemi likitan da ya san ƙwaƙwalwar yara, shi kuma ya ce yana son ganin uban. Na yi ta faɗa, na ce ɗana ba mahaukaci ba ne da za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Ta ce, "Au, yau kuma ɗanka ne?" Na tashi na shiga mota.

Likitan matashi ne, bai kai babban ɗana ba. Ya riga ya sa an duba idon yaron da kunnensa, ya tambayi yadda yake barci, ya kuma aika wa malamansa takardar tambayoyi sun cike. Ni ya zaunar ya yi ta yi mini tambaya. Tun yaushe? Tun kafin ya shiga firamare. A gida kaɗai ko har makaranta? Ko'ina. Yana gama abin da ya fara? Yana iya jiran layi? Na gaji na ce, "Likita, kar ka wahalar da kanka, taurin kai ne kawai."

Ya ce, "Baba, mai taurin kai yana zaɓen inda zai yi taurin kan. Yaron nan yana manta har abin da yake so. Yana manta abincinsa, yana manta ƙwallonsa a fili. Wa yake yi wa taurin kai a nan?"

Sai ya yi mini bayani a hankali. Ya ce wani yanayi ne da ake haifar mutum da shi, su likitoci suna ce masa ADHD. Ƙwaƙwalwar mai shi tana wahalar riƙe hankali a kan abu ɗaya, jikinsa yana neman motsi, kuma yakan aikata abu kafin tunani ya iso. Amma in abu ya kama masa rai, zai iya dulmiya a ciki ya manta duniya. Ya ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba lalaci ba ne. Duka yana sa irin waɗannan yara su ji tsoro, amma ba ya sa su tuna. Daga nan ya ƙara da cewa sau da yawa abin yakan bi jini, ya tambaye ni ko akwai mai irin halin a danginmu.

Kai! Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni ne wanda aka kora daga firamare sau biyu saboda na kasa zaman aji. Ni ne ubana yake ɗaurewa a turken akuya. Soja ce ta rufa mini asiri, don a can usur ke gaya maka lokacin tashi da na ci da na kwanciya, ba sai ka tuna komai ba. A cikin 'ya'yana biyar babu wanda ya ɗauko ni kamar wanda na tsaya gaban mutane na ce ba nawa ba ne. Ban gaya wa likitan ba. Na ce masa ban sani ba, na fita waje na zauna a kan dakali har suka fito.

An ba shi ƙwaya ɗaya da yake sha da safe. Ta rage masa cin abinci da farko, don haka ƙanwata take auna nauyinsa da jininsa, suna komawa Sakkwato lokaci lokaci a duba. Likitan ya ce maganin rabin aiki ne kawai. Sauran rabin a gida yake da makaranta. A ba shi umarni ɗaya, in ya gama a ba shi na biyu. A rubuta masa aike a takarda. A zaunar da shi gaban aji, nesa da taga. Ya yi karatu na ɗan lokaci, ya tashi ya zagaya, ya dawo. In ya yi daidai a faɗa masa nan take. Wannan na ƙarshen ya fi komai yi mini ciwo, don na lalubi ranar da na taɓa ce masa ya yi daidai ban samu ba.

Kuma abin ya yi aiki, Allah shi ne shaida. Bai zama wani mutum daban ba, har yanzu yakan bar hularsa a coci. Amma ya ci jarabawar zango, ya zo na tara a aji, shi da a da yake can ƙasa. Na cire bel daga ƙusa na jefa cikin rumbu. Na koma gonar tsohon nan ni kaɗai na duba duwatsun. Suna nan yadda ya jera su, ruwa bai ƙara cin wurin ba.

Abin da nake so ɗaya ne, ya dawo gida. Daga Dabai zuwa gidan ƙanwata ba wata tafiya ba ce, amma shekara ta zagayo bai kwana a ɗakinsa ba. Uwarsa takan je ta gan shi. Ni in na je, zai fito ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an aike shi, ya ɓace.

Da kaka, bayan an ba su hutu, na hau babur na tafi da niyyar in taho da shi. Na same shi a tsakar gida yana gyara wa gwaggonsa fanka. Na zauna a kujera na ce masa ya zauna. Ban iya irin wannan magana ba, harshena nauyi yake yi, amma na yi. Na ce, "Auta, na zalunce ka. Abin da na faɗa a gona ƙarya ce. Ka yafe mini, ka zo mu koma gida, dawa ta nuna."

Sai ya ce, "Baba, likita ya ce in magana tana da nauyi in rubuta ta tukuna, don kar in faɗi abin da ban yi niyya ba. Na rubuta tun tuni." Ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda da aka yago daga littafi, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya tsaya a gabana yana karantawa.

"Baba, ba na fushi da kai. Na yafe maka. Amma duk lokacin da na ji ƙarar babur ɗinka a bakin layi, sai tsoro ya kama ni in manta duk abin da nake yi, ko na sha magani. Ina roƙonka ka bar ni a nan har in gama makaranta. Ina so in gama abu ɗaya."

Na ga mutuwa da idona a wurin aiki ban zubar da hawaye ba. Ranar nan, a gaban ƙanwata da ɗana, na kasa riƙe su. Na ce, "To, auta. Ka zauna." Na so in dafa kansa, na ɗaga hannu, sai na ga ya runtse ido ya ɗan kauce. Na mayar da hannun aljihu.

Na yi musu sallama na fito. Ban tada babur ɗin a ƙofar gidan ba. Na tura shi da hannu har na wuce layinsu, na wuce na biyu, sai da na kai bakin titi sannan na kunna. Har yau haka nake yi duk ranar da na je ganinsa.