Ranar da Aka Ƙona Mini Rediyo

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyar da kimiyya a wata sakandare kusa da Tudun Wada. Abin da na fi so a duniya a lokacin shi ne tsohuwar rediyon oba-oba, irin wadda ake aika saƙo nesa da ita a kuma karɓa, da na saya wajen wani dattijo ma'aikacin gidan waya. Na yi lasisi, na ɗaure eriya a kan tankin ruwa, na ajiye rediyon a ɗan siton da ke ƙarƙashinsa.

Makarantar tana da kwamfuta uku da waya ɗaya ta haɗa su. Ɗaya allonta ya mutu, an watsar da ita, sai na kai ta siton, na jona mata rediyon ta kafar nan mai haƙora tara da ake kira siriyal. Wani abokina injiniya a Kano ya ba ni faifai mai ɗauke da manhajar da ke raba kafar ga sauran kwamfutocin. Da haka nake zama a ɗakin gwaji in buga saƙo, rediyon da ke can sito ta watsa shi.

Kwamfuta ta uku tana ofishin mataimakin shugaban makaranta. Ya ga abin ya burge shi, ya ce in koya masa. Ya girme ni, kuma yana gaba da ni, sai na koya masa. Na gargaɗe shi har sau uku:

“Yallaɓai, in ka ga hadari, to na cire eriya saboda tsawa. In aka watsa saƙo babu eriya, rediyon ƙonewa za ta yi.”

“Haba Malam, yaro ka mai da ni?” in ji shi.

Wata Asabar da damina hadari ya haɗo daga wajen Doguwa. Na cire eriya, na kulle sito, na hau babur na tafi sunan ɗan ƙanena a garin Ƙofa. Kuskurena shi ne na bar komai a kunne. Da na dawo bayan la'asar na buɗe sito, ƙaurin ƙonanniyar roba ya tare ni. Na taɓa rediyon, har lokacin da ɗumi.

Na sami mataimakin a ƙofar gidansa yana cin gyaɗa. Ko gaisuwa ban yi ba.

“Yallaɓai, wa ya taɓa rediyo?”

“Ai tsawa ce, Malam. Ikon Allah.”

“Tsawa ta bi eriyar da na cire da hannuna?”

Na koma na duba kwamfuta. Ga saƙonsa nan reras, ya yi ta maimaita shi: yana gaishe da duniya daga Tudun Wada. Ashe surukansa ne suka zo daga Yako, ya kai su ofis yana nuna musu zai yi magana da Makka. Da bai ji amsa ba, sai ya ci gaba da dannawa.

Ba ƙonewar ce ta fi ci mini rai ba. Da ya ce, “Malam, na yi ɓarna,” da na haɗiye. Amma mutum da furfura a gemu ya dubi idona ya ɗora wa Allah wautarsa! Ranar Litinin na kai ƙara, shugaba ya ce in yi haƙuri, ai babba ba ya laifi a gaban ƙarami. Na fita, na shiga ofishin mataimakin yana zaune, na fizge wayar daga bayan kwamfutarsa, na naɗe ta a hannu. Sai ni aka ba takardar gargaɗi kan rashin ladabi.

Na kai rediyon wajen masu gyara uku a Kano, duk suka ce an daina yin abin da ya ƙone. Ƙarshen zangon na nemi canji zuwa Kiru. Ranar da nake ɗaure kaya mataimakin ya zo ya miƙo hannu, ya ce mu yafi juna. Na ce masa ni ban san abin da na yi masa ba, na ci gaba da ɗaurina.