Tsakiyar Waƙa ta Uku

A tashar Kalgo, Tajuddeen mai tura waƙoƙi a waya yana kallon wani dattijo da ya tsaya gaban rumfarsa. Rigarsa ta sha guga, amma ya saɓa maɓallanta, bai kuma lura ba. Tajuddeen yana zaton tsohon malamin makaranta ne daga Gwandu, irin wanda ya saba a duba shi kafin ya fita daga gida.

Dattijon ya ciro kaset daga aljihu, zarensa a tsinke. Tarin fitattun waƙoƙin wani Bature ne, masu sanyin nan na soyayya.

"Ana samun wannan, ɗana?"

"Duka akwai, Baba. Sun ma fi na kaset fita tas."

Tajuddeen ya sa masa abin ji a kunne. Dattijon yana saurare, fuskarsa ba ta motsi, idonsa a kan motocin Jega. A tsakiyar waƙa ta uku ya ɗaga yatsa yana jira. Waƙar ta wuce sumul.

"Babu ita."

"Wa, Baba?"

"Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Ta taɓa danna jan maɓallin rakoda bisa kuskure, ya ɗauki muryarta. Daidai nan take cewa in rufe ƙofa, awaki za su shigo."

Ya faɗe shi kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

"Ana iya liƙe zaren, Baba."

Dattijon ya mayar da kaset aljihu.

"Wurin ne ya cinye. Nan na fi maimaitawa."