Bang Rusdi da Jirgin da Ya Hana Ni Tayarwa

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Da la'asar ɗin ranar Asabar, tara ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran Rusdiansyah, wanda kowa a filin jirgin Tarakan yake kira Bang Rusdi, wato Yaya Rusdi. Ciwon ƙirji ne ya kama shi a ƙauyen Long Pasai, can saman duwatsu. Lokacin da ya cika, ƙaramin jirginsa da na daɗe ina tuƙa masa yana kulle a rumfar masu gyara.

Bang, ina rubuta wannan cike da kewarka, da kuma wani fushi da na rasa inda zan ajiye shi.

Kai ne mai jirgi, amma ban taɓa ganin matsoracin sama kamarka ba. Da zarar mun tashi sai ka rufe ido ka kama salati, ba ka buɗewa sai ka ji taya ta taɓa ƙasa. Duk da haka kai ka riƙe hanyar Long Pasai lokacin da kowa ya ce babu riba a cikinta. Mace mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, ba ka taɓa tambayar kuɗin kujerarsu ba. In an samu sauƙi su aiko da shinkafa da gishirin dutse, ka raba mana, kana cewa mu ci da kyau domin albashin wannan watan ke nan.

Kowa ya san ɗabi'arka da masu gyara. Duk abin da suka ce sun canja a jikin jirgi, sai sun ɗora maka tsohon a hannu kafin ka sa hannu a littafin gyara. Kana kwasar tarkacen nan zuwa gida, har maiɗakinka Kak Nor take cewa ita dai an yaudare ta, an ce mata mai jirgi za ta aura, ashe ɗan gwangwan ne.

A gyaran bana suka rubuta cewa sun canja igiyoyin ƙarfen da ke juya wutsiyar jirgin, suka saka kuɗinsu a lissafi. Ka miƙa hannu a ba ka tsofaffin. Pak Gunarto, wato Malam Gunarto, manajan wurin, ya ce an zubar.

Ka ce, "To a ɗaga daɓen jirgin in ga sababbin da idona."

Ya ce, "Haba Pak Rusdi, ga shi a rubuce. Ka biya ka sa hannu tukuna. Buɗe daɓe aikin kwanaki ne, kuma sabon lissafi ne."

Ka ce, "Takarda ba ta juya wutsiya, Pak."

Daga nan suka rufe jirgin, suka riƙe littafin. Jirgin da ba shi da littafinsa kuwa ba ya tashi. Na ce maka mu biya mu buɗe daga baya, ka tuna mini cewa su kaɗai ke da izinin wannan aiki a garin, kuma in ka sa hannu babu mai sake duba igiyoyin nan sai bayan shekaru. Ka kai ƙara wurin hukuma, aka ce a jira mai bincike. Ban ce sun yi ƙarya ba, Bang, kai ma ba ka taɓa cewa haka ba. Kullum maganarka ita ce ba ka gani ba.

Makonni suka shuɗe. Shinkafar mutanen Long Pasai ta taru a bakin fili babu mai saukowa da ita, maganin asibitinsu ya kusa ƙarewa. Suka fara cewa kuɗi ne ka fifita a kansu. Wannan magana ta ci maka rai fiye da rigimar kanta. Maimakon ka aika saƙo, sai ka ɗauki kwalin magani ka bi kwalekwale, ka hau babur, ka ƙarasa da ƙafa, da shekarunka da hawan jininka, don kawai ka dubi idonsu ka yi musu bayani.

Da hantsin ranar Asabar maigarin, Pak Balang, ya kira ni ta oba-oba ya ce ka faɗi, nas ta ce sai an kai ka birni. Filinsu gajere ne. Jirgi ɗaya ne ban da namu yake iya sauka a can, shi ma ya tafi wani tsibiri. Na ce a gaya maka yanzu zan je wurin Pak Gunarto in sa hannu a madadinka in taho. Sai na ji an matso maka da oba-obar, muryarka tana fita da ƙyar, ka kira ni Dik, wato ƙanenka.

"Dik Fadlan, kada ka sa hannu."

Na ce, "Bang, ranka ake magana! Ka bar taurin kan nan na yau kawai."

Ka ce, "Kai za ka tuƙo, nas za ta biyo mu a dawowa. Rai uku a kan abin da ban gani ba? 'Yarka ko yaye ba a yi ba. Zauna inda kake."

Na yi maka ihu, na roƙe ka da Allah. Ka ce in ji tsoron Allahn da nake roƙonka da shi. Na zauna a kan benci a ƙofar rumfar, ina hangen hancin jirgin ta tsakanin ƙyaure, har la'asar.

Da Pak Balang ya sake kira, ban bari ya faɗa ba, na riga na gane ka cika. Mutanensa Kiristoci ne, malamin makarantarsu da nas ne kaɗai Musulmi, su za su yi maka sutura. Ya ce, "Kai matuƙi ne, ka san kusurwoyi. Ina za mu fuskantar da shi?" Na ce su tsaya a bakin fili su dubi mafaɗar rana, su ɗan karkata dama. A can mutanen da suka zarge ka suka haƙa kabarinka da hannunsu.

Har yau mai bincike bai zo ba, jirgin yana nan a kulle, kuma babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin daɓen nan.

Allah ya jiƙanka, Bang Rusdi, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa rayukan da ka yi sanadin cetonsu su zame maka haske. Kak Nor da 'ya'yanki Syifa da Ridho, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Mutanen Long Pasai, Allah ya saka muku da alheri. Ni ma ina roƙon ya sanyaya mini zuciya, domin na san gaskiya ka faɗa, amma har gobe ina cewa da ka bar ni na zo.