Majanyin da Na Kai Birnin Kudu

Tsakiyar damina ce, shekarar da ruwa ya yi ta zuba har geronmu na garin Sara ya kwanta a gona. Kowa jikinsa a sanyaye yake. A lokacin ne jikata, 'yar ɗana na fari, ta isa yaye. Malam, maigidana, ya ce in je Birnin Kudu in ɗauko ta. Haka muke yi a gidanmu, yaro ya bar nono kakarsa ta tafi da shi, wani wata biyu, wani sai ya yi wayo. Na ninke sabon majanyi, na ƙulla kuka da daddawa, na hau mota.

Bayan azahar na shiga layinsu. Daga nesa na hango wata doguwa a ƙofar gidan da goyo, tana jijjigawa. Na ce a raina, wace mata ce wannan da hula? Sai aka juyo. Ɗana ne, malamin makaranta, da gemunsa, ya ɗaura zanin matarsa a kan riga.

Na tsaya nan. Salati kawai nake yi.

Abokansa na zaune a benci. Ɗaya ya ce, "Inna, gara da kika zo. Saura kaɗan ya fara ba ta nono!"

Ɗana ya ce masa, "Kai da 'yarka ke shigewa ƙarƙashin gado in ta ji tarinka, rufe mana baki." Suka kwashe da dariya. Ya durƙusa ya gaishe ni, goyon na bayansa.

Mu a wurinmu ɗan fari abin kunya ne, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a kiran sunansa. Malam bai taɓa riƙe hannun yaron nan ba. Ni ma "kai" nake ce masa har yau. Ga shi a tsakar gida yana kiran sunan tasa 'yar farin, yana hura mata kunu, matarsa na tuƙa tuwo ko a jikinta.

Bayan la'asar na fito da majanyin. Na ce a hankali, "Babanku ya ce gobe in tafi da ita."

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ba za ta je ba."

"Kai ba haka aka yi maka ba? Me ya same ka?"

Ya ce, "Shekara shida na yi a Gwaram wurin kakata. Ranar da aka dawo da ni kina tankaɗe. Na gaishe ki, kika ce lafiya lau, ba ki ɗago ba. Inna, na daɗe ina zaton ba ke kika haife ni ba."

Sai hawaye. Bai juya fuskarsa bango ba, bai share ba, ya bar su suna sauka cikin gemunsa, a gabana, a gaban matarsa. Ko ranar da Malam ya binne mahaifiyarsa ban ga haka a fuskarsa ba. Na rasa inda zan sa idona.

Na tuna ranar da aka dawo da shi sarai. Uwar mijina na tsaye a kaina. Garin nan sau uku na tankaɗe shi don kada in ɗago a ga fuskata. Na so in gaya masa, bakina ya ƙi.

Da safe na haɗa kayana. Ya fito zai raka ni tasha, ya sake goya ta, ƙullin a sake, kan yarinyar ya langaɓe gefe. Na ce, "Kai, zo nan." Na kwance zanin, na gyara mata zama, na zagaya da majanyina na matse.

Na ce, "Ƙasan ake fara ɗaurewa. In ba haka ba za ta zame maka."

Na hau mota bayana ba kowa, ina ta juya abin da zan ce wa Malam.