Mazuban Sharata da Sallamar da Ban Yi Ba

Ko kaji ba su sauko ba muka bar Dayi, ni da ƙanena. Masu tambaya me ya kai tsohuwa Malumfashi, to ku ji.

Mazuban shara uku gare ni, na ƙarfe, kowanne sai ya ɓoye saniya a tsaye. A Funtua aka ƙera min su da masarar da na noma. Niyyata in ba 'yan tumatir haya a kasuwarmu, in sun cika a kwashe da amalanke zuwa gona. Aka ce sai da takardar izini daga dubagari a Malumfashi.

Ƙanena ya ce mu fara biyawa wajen mai unguwa. Na ce wa? Yaron da na goya, na share wa majina? Muka wuce shi yana zaune kan buzu a ƙofar gida, ko sallama ban yi ba.

Direba ya cusa mu tsakanin buhunan barkono, muka yi ta atishawa har gari. Dawa ta yi kai hagu da dama, gwanin sha'awa. Kuɗin mota kuwa ya ninka na bara, ƙosan tasha kuma ya ƙanƙance ya koma kamar goro.

Hantsi ya dubi ludayi muka samu dubagarin, mutum mai fara'a. Ya ce dole mazubi ya kasance da murfi, nesa da rijiya da masu abinci. Na ce duk na yi.

"To Iya, ina za a juye?"

"A gona mana. Tun ba a haifi babanka ba shara take zama taki."

Ya yi dariya. "Sharar da ke nan, Iya. Ta yanzu rabinta leda ce. Sai da filin da za a tsince ta, da takardar mai unguwa cewa ya ga filin."

Na ce ga ni da bakina, duk Dayi an san maganata ɗaya ce.

"Na yarda, Iya. Amma baki ba ya shiga fayil."

Ina tsaye sai ga wani ɗan garinmu, rabin duro biyu kacal gare shi, amma da takardar mai unguwa a hannu. Mutum ɗaya ake ba izinin ajiye mazubi a gefen 'yan tumatir. A gaban idona aka buga masa hatimi. Ƙanena ya dube ni, kallon nan ya fi zagi ciwo.

Da la'asar muka sauka gida. Mai unguwa na hango ni ya taso, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, sannu da hanya. Tun jiya na ji za ki, na je na duba filinki na bayan gari. Da safe na ɗauka za ki tsaya."

Ya ɗaga buzun ya zaro takarda a ninke, da sunana, in ji ƙanena.

Abin da na koyo bai kai a je Malumfashi ba, a ƙofar gidan nan yake. Mazuban suna bayan ɗakina, kaza ta fara ƙwai a ɗaya. Takardar kuwa na sa ta cikin kwalla. Ban iya karatu ba, amma na san abin da take ce min.