Malam Yunus Ba'amurke, Ban Kai Ka Makwancinka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 27 ga Zulƙida 1445, Allah Ya karɓi ran Malam Yunus Abdulhakim, wanda unguwar Mansur ta Makka ta sani da Ba'amurke, bayan jinyar ciwon zuciya ta kwana huɗu. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Ni Ma'aruf mai tsire nake wannan rubutu, kuma da nauyi a raina nake yi, domin na yi masa alkawarin ni zan shiga kabari in karɓe shi, ban cika ba.

Malam Yunus, ina tuna ranar da ka fara tsayawa gaban tukubata shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na ga baƙin mutum dogo, na zuba maka Hausa, ka tsaya kana ta murmushi. Ashe daga Detroit ka zo, ka musulunta tun kana saurayi, ka sami aikin koyar da Turanci a wata makaranta a nan. Makarantar ta ba ka gida a unguwa mai kyau, ka ƙi, ka kama ɗaki a cikinmu, wai ka gaji da zaman da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Zaman bai zo maka da sauƙi ba, mu kuma ba mu raga maka da tsokana ba. In aka ce walima bayan la'asar, ana sallame salla kana ƙofar gida, ka tarar ko shinkafar ba a wanke ba. Gaisuwarka kalma biyu ce, sai da muka yi wata shida muna koya maka tambayar gida da gajiya da iyali. Yajina ya sa ka hawaye ran farko, washegari ka dawo ka ce a ƙara. Amma duk wanda ya kwanta ciwo a layinmu kai ne farkon zuwa, kuma matan unguwa sun san inda ake kai takardar magani a karanta musu.

Wata rana a gaban jama'a ka tambaye ni me ya sa ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Wannan tambaya kuwa ba a yin ta a Mansur. Na zo aikin hajji shekara talatin da ɗaya da suka wuce na zauna, na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, babu mai takarda a cikinmu. Da ka gane abin da ka yi, ka zo har gida ka ba ni haƙuri, sannan ka sayi jakar takardu ka ce za ka gyara lamarin. Kai ka taso a inda aka yarda kowace matsala tana da ofishinta. Shekara bakwai kana yawo da jakar nan, kana dawowa kana cewa akwai hanya. Na san babu, na dai rasa bakin gaya maka.

Bara da ciwon ya fara taɓa ka, ka riƙe hannuna ka ce da 'yar Hausarka, "Ɗan'uwa Ma'aruf, ni ba dangi a nan. Kai za ka sa ni a ƙasa, ka juya fuskata gabas, wato alƙibla." Na ce in sha Allahu, na ɗauka da rantsuwa.

Sai ajalinka ya zo a lokacin hajji, lokacin da ake kafa shingen bincike a kowace hanya, mu marasa takarda kuma ba ma nisa da gida. Talal, maƙwabcinmu haifaffen nan mai takardar ɗan ƙasa, shi ya yi zirga-zirgar asibiti. Na shiga motarsa za mu tafi Harami a yi maka salla bayan la'asar, daga nan maƙabarta. Ba mu yi nisa ba ya rage gudu ya ce, "Ya Ammi, fi taftish, akwai shingen bincike a gaba, suna duba kowa. Ka yanke shawara yanzu." Na hango motocin sun yi layi. Na tuna in aka kama ni sai a mayar da ni ƙasar da ba wanda ya rage ya san ni, iyalina kuma a nan. Na ce ya tsaya. Na buɗe ƙofa na sauka, na dawo Mansur a ƙafa ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Talal ya ce gawa tara aka kai tare da taka, ma'aikatan maƙabarta suka karɓe ka cikin hanzari. Ba a rubuta suna a kan kabari a nan, shi kuma ya kasa tuna layin. Ko an janye shingayen, ban san inda zan tsaya in ce ga ka ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam Yunus. Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya ka cikin maƙwabtan ɗakinSa a Aljanna kamar yadda ka zaɓi maƙwabtaka da shi a duniya. Ya saka wa mutanen da suka karɓe ka ba su san sunanka ba da alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗalibanka da jama'ar Mansur, da 'yarka tilo Mujahida da ke Detroit.

Mujahida, ran uku kin kira a waya, Talal yana fassara. Kin ce mahaifinki ya gaya miki ni zan sa shi a kabari, kin ce wannan ne kaɗai ya sanyaya miki rai, kika yi ta yi mini godiya. Na karɓi godiyar da ba tawa ba. 'Yata, ban je ba. Duk wanda zai fassara miki wannan takarda, ina roƙonsa don Allah kada ya sassauta ko kalma ɗaya.